Tsoho ya ruɗe a gadon asibiti: allura za a yi masa ko me?

Sista Bilkisu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna kan ruɗewar hankali da ke kama tsofaffi bayan an kwantar da su a asibiti, wadda likitoci ke kira diliriyam. Ina nufin tsohon da aka kawo da hankalinsa garau saboda ciwon huhu ko karaya, bayan kwana biyu sai ka tarar bai san inda yake ba, yana cisge robar ƙarin ruwa, yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, gari ya waye ya ɗan dawo daidai, dare ya yi abin ya sake tashi.

A 1999 Dakta Sharon Inouye da abokan aikinta na Jami'ar Yale a Amurka sun fitar da sakamakon bincike kan majinyata 852, kowannensu ya kai shekara 70 ko ya wuce. Rabinsu an yi musu jinyar da aka saba. Sauran rabin an ƙara musu kulawa ta fuska shida: a riƙa tuna musu rana da wurin da suke ana hira da su, a taimaka musu su yi barci ba da ƙwaya ba, a tashe su su taka, a sa musu tabarau, a gyara musu ji, a tabbata ruwan jikinsu bai ƙafe ba. Cikin waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, kashi 15 cikin 100 sun ruɗe. Cikin ɗaya rukunin kuwa kashi 9.9 ne. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki.

Tambayata ita ce, tunda an san wannan fiye da shekara 25, me ya sa har yau da zarar tsoho ya fara sambatu abin da ake fara nema shi ne allura?

Dakta Nura:
Wa alaikumus salam Sista. Na san binciken, kuma ba na raina shi. Amma ki lura, rigakafi ya gwada. Su kansu masu binciken sun ce wanda ya riga ya ruɗe, shirin bai rage masa tsananin abin ba, bai kuma hana shi sake dawowa ba. Ni kuma ana kirana ne ƙarfe biyun dare, bayan mutum ya cire robar hancinsa sau biyu, yana neman tsallake ƙarfen gado da karyayyen ƙugu. A wannan lokacin tabarau ba zai cece shi ba. Ko dai in ba shi haloperidol kaɗan, wato allurar kwantar da mai fisge-fisge, ko ya faɗo.

Sista Bilkisu:
Dakta, ai shi ya sa nake cewa a fara tun ranar da aka kwantar da shi. Abin da ke kai mu ga ƙarfe biyun daren nan, da rana ake shuka shi.

Auwalu:
Ni ɗalibi ne a fannin ƙididdiga, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Binciken na Yale ba a raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba. Ɗakin majinyata ɗaya aka sa wa shirin, biyu aka bari yadda suke, sannan aka haɗa kowane majinyaci da takwaransa a shekaru da haɗarin ruɗewa. Tsari ne mai kyau, amma yana barin ƙofa a buɗe: wataƙila nas-nas ɗin wancan ɗakin dama sun fi kula, ko kuma sanin cewa ana kallonsu ya sa suka ƙara himma a komai. Akwai wanda ya maimaita shi da ƙuri'a kuwa?

Dakta Hauwa:
Sannunku da muhawara. Auwalu, tambayarka a kan hanya take, kuma an amsa ta. A 2021 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi ta auna su wuri ɗaya, ta duba waɗanda aka raba mutane da ƙuri'a a ɗakunan jinya na gama-gari. Abin da ya fito shi ne irin wannan kulawa mai rassa da yawa tana rage aukuwar ruɗewar da kusan kashi 40 cikin 100. A harkar jinyar tsofaffi da wuya ka sami abin da hujjarsa ta kai wannan ƙarfi.

Nura ƙanena, kai kuma bari mu duba allurar da kanta, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2018 an fitar da gwajin MIND-USA: mutum 566 da suka ruɗe a sashen kulawa ta musamman, wasu aka ba su haloperidol, wasu wani magani irinsa mai suna ziprasidone, wasu ruwan gishiri kawai ba tare da su ko likitocinsu sun san wanne ne ba. Kwanakin da suka yi cikin ruɗewa ba su bambanta ba. Kafin nan, a 2017, wani gwaji a Ostareliya kan marasa lafiya 247 da cutarsu ta kai matakin ƙarshe ya nuna waɗanda aka ba haloperidol ko wani irinsa mai suna risperidone alamunsu sun fi na waɗanda ba a ba komai ba tsanani. Wannan sakamakon ya girgiza mutane da yawa, domin shekara da shekaru ana ba da maganin nan da kyakkyawar niyya.

Dakta Nura:
Ranki ya daɗe, na yarda da alkaluman, amma akwai abu biyu. Na farko, a MIND-USA kusan tara cikin goma na majinyatan masu ruɗewar shiru ne, waɗanda ke kwance lamo. Ba su ne nake yi wa allura ba. Na biyu, gwajin AID-ICU da 'yan Denmark suka jagoranta, wanda ya fito a 2022 kan mutum 1,000, duk da babban ma'auninsa bai nuna bambanci ba, mace-mace cikin kwana 90 sun fi ƙasa a rukunin haloperidol, kusan kashi 36 a kan kashi 43. Saboda haka ba za a ce guba ba ce.

Auwalu:
Dakta, wannan bambancin na mace-mace ba shi ne tambayar da aka tsara gwajin ya amsa ba. In babban ma'auni bai nuna komai ba, abin da ya fito a gefe ana ɗaukarsa a matsayin dalilin sake bincike, ba hujjar da za a gina aiki a kanta ba. Kuma duka gwaje-gwajen biyu a sashen kulawa ta musamman aka yi su, da yawa daga cikin mutanen suna kan injin numfashi, ana kallon bugun zuciyarsu a allo dare da rana. Tsohuwa 'yar shekara 85 a ɗakin jinya na gama-gari, wadda ba mai duba tsarin bugun zuciyarta, lissafinta daban ne.

Dakta Hauwa:
To ai kun zo wuri ɗaya ba ku sani ba. Ba wanda ya ce a hana Nura allurarsa ƙarfe biyun dare. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ma ta yarda da haloperidol ga wanda ke cikin tsananin firgici ko yake neman ji wa kansa ko wani ciwo, bayan lallashi ya gaza, a mafi ƙanƙantar awo, kuma na ɗan lokaci, galibi kada ya wuce mako ɗaya. Abin da nake so a gane shi ne allurar tana kwantar da jiki ne, ba ta warkar da ruɗewar. Ruɗewar alama ce ta wani abu da ke faruwa a jikin: ciwon huhu, ƙarancin iskar numfashi, gishirin jini ya sauka, sukari ya faɗi, mara ta cika fitsari ya ƙi fita, ciki ya ɗaure kwana biyar ba bahaya, ko zafin ciwo da tsohon ya kasa faɗa. Na sha ganin wanda ke ta fisge-fisge, aka taɓa mararsa aka ji ta kumbura, aka zuƙe fitsarin, cikin rabin sa'a ya yi barci. In ka yi allura ka tafi ba ka nemi dalilin ba, gobe za ka dawo ka same shi shiru, ka ɗauka ya samu sauƙi, alhali ya koma ɗaya nau'in ne.

Kuma kada a manta, mai ciwon Parkinson da mai irin ciwon mantuwar nan na Lewy ba a ba su haloperidol, yana iya sandarar da su.

Hajiya Zainabu:
Assalamu alaikum likitoci. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ina karantawa ne don ina jinyar mahaifiyata. Maganar da Dakta Hauwa ta yi ta masu shiru ita ta taɓa ni. Lokacin da aka kwantar da Inna, ba ta yi ihu ba, ba ta cire komai ba. Barci kawai take ta yi, in an ta da ta ta kalle ka kamar baƙo, abinci ma sai an yi da gaske. Na gaya wa masu duba ta cewa wannan ba ita ba ce, mace ce mai hira da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Aka ce mini tsufa ne da gajiya. Sai da wata likita ta zo ta yi mata 'yan tambayoyi, ta sa aka ɗebi jini, sannan aka gano gishirin jininta ya yi ƙasa sosai. Ina tambaya, babu wata hanya da za a riƙa gane irin wannan da wuri?

Sista Bilkisu:
Allah ya ba Inna lafiya, Hajiya. Akwai, kuma ba ta cin lokaci. Wani gwaji ne da ake kira 4AT, a Edinbara ta Sikotlan aka tsara shi a 2011. Abu huɗu ake dubawa: mutum a farke yake sosai ko yana gyangyaɗi, a tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwarsa, inda yake da shekarar da ake ciki, a ce ya lissafo watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko, sai kuma a tambaya ko an ga canji kwatsam a hankalinsa. Ba ya kai minti biyu. Wanda ya samu maki huɗu ko fiye ana zargin ya ruɗe. Kin ga tambaya ta huɗun nan, ke ce mai amsa ta, ba mu ba. Mu ba mu san yadda Inna take a gida ba. Kalmar da kika faɗa, cewa wannan ba ita ba ce, ita kaɗai ta isa a tsaya a bincika.

Dakta Hauwa:
Amin. Hajiya, abin da ya sami Inna shi ne ya fi yawa a tsofaffi, kuma shi aka fi kuskurewa, domin mai shiru ba ya damun kowa. Bincike da dama sun nuna sakamakonsa ya fi na mai hayaniya muni. Kuma ruɗewa ba abin da za a ce ya zo ya wuce ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2010 ya nuna tsofaffin da suka ruɗe a asibiti sun fi takwarorinsu haɗarin rasuwa a watanni da shekarun da suka biyo baya, sun fi rasa ikon zama da kansu, sun fi kamuwa da ciwon mantuwa. Ko ruɗewar ce ke lalata ƙwaƙwalwa, ko kuwa tana tona raunin da dama yake ɓoye, har yanzu masana na kai da komo a kai. Ni ina ganin duka biyun suna faruwa.

Malam Isiyaku:
Ku ba mai haɗa magani dama shi ma ya ce wani abu. Ana ta maganar allurar da za a yi bayan an ruɗe, ni kuma damuwata ƙwayoyin da aka ba shi kafin ya ruɗe. Ita dai wannan Dakta Inouye ta yi wani bincike a 1996 kan abubuwan da ke tunzura ruɗewa a cikin asibiti, ta samu biyar: ɗaure majinyaci a gado, rashin abinci mai gina jiki, ƙara masa magunguna fiye da uku, sa robar fitsari, da duk wata illa da jinyar kanta ta jawo. Ku duba jerin nan da kyau. Kusan dukkansu hannunmu ne.

Tsoho ya ce bai yi barci ba, a rubuta masa diazepam. Ya ce jikinsa na ƙaiƙayi, a ba shi chlorpheniramine ko promethazine. Ƙafa na masa zugi, a ƙara amitriptyline. Fitsari na zubo masa, ga oxybutynin. Kowanne shi kaɗai likita zai iya kare shi, amma in suka haɗu a jikin mai shekara 80 wanda ƙodarsa ta rage aiki, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen mai da hankali suke dannewa. Tun 1991 Dakta Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su a tsofaffi, ana ta sabunta shi, na baya-bayan nan a 2023. A Cork ta ƙasar Ayalan ma sun fitar da nasu a 2008, STOPP da START, wato abin da ya kamata a tsayar da abin da ya kamata a fara.

Auwalu:
Malam, amma an gwada tace magungunan nan an ga amfani? Na karanta gwajin OPERAM na 2021, mutum 2,008 masu shekara 70 zuwa sama a ƙasashe huɗu na Turai, kowanne na shan magani biyar ko fiye. Likita da mai haɗa magani suka zauna suka tace musu da taimakon STOPP da START. Bayan shekara ɗaya, komawa asibiti saboda illar magani bai ragu ba yadda ƙididdiga za ta amince.

Malam Isiyaku:
Haka ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sai dai shawara ce masu tacewar suka bayar, likitan da ke riƙe da majinyaci shi ke da ikon ɗauka ko bari, kuma ba duka aka ɗauka ba. Sannan abin da aka auna komawa asibiti ne cikin shekara, ba ruɗewa cikin makon nan ba. Ni abin da na ɗauka daga gwajin shi ne rage magani bai cutar da su ba, kuma takarda ita kaɗai ba ta canja hannun mai rubutawa. Ba na buƙatar gwajin mutum dubu biyu kafin in ce kada a fara wa tsohuwa diazepam don kawai ɗakin da hayaniya. A kashe fitila, a rage surutu, a daina ta da ta ƙarfe huɗun asuba don awon da zai iya jira. Sai dai wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, ba a yanke masa ita lokaci ɗaya, yankewar ma tana ruɗarwa.

Dakta Nura:
Tunda an zo kan magani, akwai wanda ni ma yake ci mini rai. Tsoho ya ruɗe, a ɗebi fitsari, a ga ƙwayoyin cuta, shi ke nan an samu dalili, a ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta a daina bincike. Alhali tsofaffi da yawa, musamman mata, suna ɗauke da ƙwayoyin nan a fitsarinsu ba tare da suna yi musu komai ba, mai robar fitsari kuwa kusan dole a samu. Ƙungiyar masana cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta faɗa a ƙa'idarta ta 2019 cewa in babu zazzaɓi, babu zafin fitsari ko wata alamar cutar ta shiga jiki, a nemi wani dalilin a kuma sa ido, kada a yi gaggawar ba da magani.

Malam Garba:
Ni daga sashen gashin ƙashi da motsa jiki nake, kuma na ji Dakta Nura ya ambaci tsallake ƙarfen gado, shi ya sa na kasa yin shiru. Tsoron faɗuwa shi ne ya fi komai kwantar da tsofaffi. A 2009 wasu masu bincike a Alabama suka ɗaura wa tsofaffi 45 na'urar da ke gane ko mutum a kwance yake, a zaune ko a tsaye. Dukkansu suna tafiya da ƙafarsu kafin a kwantar da su. Sai aka ga kashi 83 cikin 100 na lokacinsu a kwance suke yin sa. Tsayuwa da tafiya gaba ɗaya kimanin minti 43 a yini.

Me kwanciyar ke yi? A 2007 an kwantar da tsofaffi 12 masu ƙoshin lafiya, shekarunsu wajen 67, kwana goma a gado, ana ba su abinci isasshe. Sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka a ƙafafu kaɗai. Lafiyayyu ke nan. To ina ga mai zazzaɓi da ba ya cin abinci? Shi ya sa za ka ga an warkar da ciwon huhun, an sallami mutum, amma ya shigo da ƙafarsa ya fita a keken guragu. An kiyasta kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 70 zuwa sama suna barin asibiti sun kasa wani abin da suke yi wa kansu a da, kamar wanka ko zuwa bayi.

Sista Bilkisu:
Malam Garba, in ya faɗi a hannuna ni za a tuhuma. In ya kwanta tsokarsa ta narke, ba wanda zai rubuta rahoto a kaina. Gaskiyar da ke sa nas ta ce Baba koma ka kwanta ke nan.

Malam Garba:
Na sani Sista, kuma ba laifinki ba ne, tsarin ne ke ƙirga abu ɗaya ya bar ɗaya. Amma dubi abin da aka samu da aka gwada kayan hana faɗuwar. An gwada ƙararrawar gado, mai ƙara in majinyaci ya yunƙura zai tashi, a wani asibiti a Amurka, sakamakon ya fito a 2012: faɗuwa ba ta ragu ba. A Ostareliya an gwada wani shiri mai suna 6-PACK a ɗakuna 24 na asibitoci shida, da gado mai sauka ƙasa da ƙararrawa da alamar gargaɗi, a 2016 aka ce shi ma bai rage ba. A gefe guda kuma, a Pamplona ta Sifen, an ɗauki mutum 370 da shekarunsu suka kai 87 a matsakaici, aka raba su da ƙuri'a, rabi ana sa su motsa jiki sau biyu a yini, minti 20 kowane zama, har da ɗaga nauyi daidai ƙarfinsu. Ranar sallama waɗannan sun fi yadda suka shigo iya tashi da tafiya, ɗaya rukunin kuwa ya koma baya, kuma motsa jikin bai jawo wata illa ba. Gaskiya bayan wata uku ba a ga bambanci a mace-mace ko komawa asibiti ba. Amma mutum ya iya kai kansa bayi ranar da ya koma gida, wannan a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Dakta Nura:
Duk na ji, kuma zuciyata na tare da ku. Amma wa zai yi? Shirin Yale da ma'aikata na musamman da 'yan sa-kai da aka horar aka yi shi. Nas ɗaya da ke riƙe da gadaje masu yawa da dare ba za ta zauna tana tausa bayan kowa har ya yi barci ba.

Dakta Hauwa:
Wannan ita ce tambayar gaske, kuma akwai waɗanda suka gwada amsa ta. A ƙasar Chile, a 2012, an fitar da gwaji kan tsofaffi 287 inda 'yan uwan majinyaci ne suka yi aikin. An yi musu ɗan bayani kan ruɗewa, aka sa agogo da kalanda a ɗakin, aka ce su kawo tabarau da haƙoran roba da na'urar ji, su kawo abin da tsohon ya saba gani kamar hoton iyali, su riƙa tuna masa rana da abin da ake ciki, aka kuma tsawaita musu lokacin ziyara. Ruɗewa ta kama kashi 5.6 a wannan rukunin, a ɗayan kuma kashi 13.3. A Sin ma an yi makamancinsa a 2020 kan tsofaffin da aka yi wa tiyata, da hannun iyali a ciki, aka ga raguwa mai yawa. Gwaje-gwajen ba manya ba ne, Auwalu zai faɗa kafin in faɗa, amma hanya ɗaya suka nuna. Mai jinya da ke zaune a gefen gado yini guda ma'aikaci ne da ba mu koya masa komai ba.

Hajiya Zainabu:
Wallahi Dakta da an gaya mini haka da na yi. Tabaran Inna a jakata ya kwana har aka sallame mu, don na ɗauka mai kwance ba ta buƙatarsa. Kuma duk sanda ta ce za ta tashi, ni da kaina nake cewa ta kwanta ta huta.

Malam Garba:
Hajiya, kowa haka yake yi, don tausayi ne. Nan gaba ki tambayi likita kai tsaye: an yarda ta zauna a kujera? An yarda ta taka? In an ce e, ta ci abincinta a zaune, ki riƙe ta ku je ƙofar ɗaki ku dawo, safe da yamma. Ta fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, saboda jiri. Ki kuma tambaya kullum ko robar fitsarin nan har yanzu ana buƙatarta, domin ita ma igiya ce da ke ɗaure mutum a gado.

Auwalu:
Akwai abin da ke damuna a duk wannan. Mutanen da muke magana a kansu su ne aka fi cirewa daga gwajin magunguna. Ko a sa iyakar shekaru, ko a ce ban da mai ciwon ƙoda, ban da mai mantuwa, ban da mai shan magani da yawa. Wanda ya ruɗe kuma ba zai iya sa hannu a takardar amincewa ba, sai an nemo wakilinsa, masu bincike da yawa sai su tsallake shi. Sai a 2019 hukumar NIH ta Amurka ta wajabta wa duk wanda take ba kuɗin bincike ya sa mutane na kowane shekaru ko ya kawo hujjar cire su. Ke nan yawancin awon maganin da ake ba mai shekara 88, a jikin ɗan 60 aka gwada shi.

Dakta Hauwa:
Haka ne, kuma duk lokacin da aka daure aka sa su, ana koyon abin da ba a zata ba. Gwajin HYVET a 2008 ya nuna maganin hawan jini na amfanar masu shekara 80 zuwa sama, lokacin da da yawa ke tsoron ba su. Gwajin ASPREE a 2018, kan mutum fiye da 19,000, ya nuna asfirin na kullum ga lafiyayyen tsoho bai ƙara masa shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Ɗaya ya ce a ƙara, ɗaya ya ce a rage, kuma ba wanda zai iya sanin haka da hasashe. Sai dai su ma waɗannan tsofaffi ne masu ƙarfi da ke zaune a gidajensu. Na kan gadon asibiti, mai rauni, mai cuta huɗu ko biyar a tare, har yanzu shi ne hujja ta fi ƙaranci a kansa.

Sista Bilkisu:
Na gode muku duka. Abin da zan kai wa shugabar ɗakinmu shi ne mu fara yi wa duk mai shekara 65 zuwa sama gwajin 4AT ranar da aka kwantar da shi, mu maimaita in an ga canji, mu kuma rubuta ɗan bayani na shafi ɗaya ga masu jinya. Auwalu, in muna so mu san ko ya yi aiki, me za mu ƙirga?

Auwalu:
Ku fara gwajin kaɗai na wata biyu ko uku kafin ku canja komai, don ku san inda kuke. Kada ku firgita in adadin masu ruɗewa ya yi sama da farko, alama ce kun fara ganin masu shirun da ake tsallakewa. Bayan nan ku ƙirga abu huɗu: nawa suka ruɗe bayan kwantarwa, nawa aka yi wa allurar kwantarwa ko aka ɗaure, nawa suka faɗi, nawa kuma suka fita suna tafiya kamar yadda suka shigo. Faɗuwar da tafiyar a shafi ɗaya za ku rubuta su, don kada a kalli ɗaya a manta ɗaya.

Dakta Nura:
Sista, ki ƙara layi ɗaya a takardar ga likitan dare: kafin allura a duba mara, a tambayi bahaya, a auna sukari da iskar jini, a tambayi ciwo, a duba magungunan da aka fara cikin kwana uku. In kin tsara ta ki turo nan, ni da Malam Isiyaku za mu duba ɓangaren maganin.